Gishirin da Na Zuba a Hada

Maryam, Idrisu, da ke Auta, wannan babin ne ya fi ba ni wuya a duk abin da na rubuta muku. Labarin zuwana Makka da shekarun da na yi ina bin motar kwalta daga Jarwal zuwa Mina bai hana ni cin abinci ba. Wannan kuwa sau uku ina fara shi ina yage takardar. Kun daɗe kuna jin ana cewa Baba Idi ya gaji da zaman Saudiyya ne, ya nemi a sallame shi ya koma ƙasarsu. Ni na ƙago wannan maganar, mahaifiyarku kuma ta yi shiru a kanta don ta rufa mini asiri. Ba haka aka yi ba. Zan faɗa muku yadda aka yi, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin wani ya kira ni a waya.

Ke Auta ba ki san shi sosai ba, don haka bari in gaya miki ko wane ne. Mutumin Damargu ne, ta wajen Nijar, dogo, siriri, da farin gemu ɗan kaɗan. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. Na san shi tun ina sabon zuwa, ina kwana a ɗaki ɗaya da mutum bakwai a Jarwal. Da gwiwoyina suka fara ƙin aikin titi, shi ya kama hannuna ya kai ni wajen uban gidansa, wani Balarabe da ake kira Abu Nayif, ya ce wannan ɗana ne, ya iya tuƙi, ya iya gyara, ba ya ƙarya. Da wannan shaidar Abu Nayif ya mayar da iƙamata, wato takardar izinin zama, ƙarƙashin sunansa, ya zama kafilina, kuma a kan wannan takardar ku duka kuke zaune a ƙasar. Idrisu, shi ya yi maka kiran salla a kunne ranar da aka haife ka, sunansa ka ci. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya yake da ita a can gida. Babu abin da yake nema a duniya sai abu guda, kuma ba ya ɓoye shi: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami. Duk Juma'a yakan sauko daga dutsen da muke aiki a motar haya ya yi salla, ya biyo ta gidanmu a Ka'akiyya ya ci tuwon mahaifiyarku, sannan ya koma.

Wurin da muke aiki gidan hutu ne na Abu Nayif a saman dutsen Hada, a hanyar Ɗa'if. Daga Makka tafiyar awa guda ce a mota, amma kamar wata ƙasa ka je. Kana barin zafin gari, kana hawa kana kwana, sai ka iske kanka cikin hazo da sanyi. Gidan yana kan tudu. Daga ƙofa akwai wata gangara mai tsayi da mota take hawa, a samanta filin ajiye motoci, duk da kwalta. Ni na zuba kwaltar da hannuna. A ƙasan filin, ta gefen gabas, lambun wardi ne, hawa huɗu kamar matakala, kuma nan ne duniyar Baba Idi. Shekara ashirin da wani abu yana renon itatuwan nan. Idan bazara ta zo, akan tsinke furen da sassafe a kai wa masu dafa turare, ƙamshin ya kama tufafinsa har ya zo da shi gidanmu. Da nake zuba kwaltar, shi ya roƙe ni in karkata filin kaɗan in yi kwata a gefe, yadda duk ruwan saman da ya sauka zai gangara ya zuba a tafkin simintin da yake ban ruwa da shi, in ya cika ya malala cikin fangalai. Na yi masa, har yana yi mini addu'a. Ku riƙe wannan: babu wanda ya fi ni sanin inda ruwan filin nan yake zuwa.

A shekarar da nake ba ku labari an yi wani sanyi da ko tsofaffin Hada suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Sai a yi ruwan ƙanƙara da yamma, ya taru fari fat a kan kwalta, ya ɗan narke, da safe kuma ka tarar ya daskare ya zama kamar gilashi, musamman a gangarar nan da rana ba ta kai mata sai wajen hantsi. Wata safiya mahaifiyar Abu Nayif, tsohuwa mai shekaru, ta fito za ta shiga mota, santsi ya ɗebe ta. Ƙugunta ya karye. Ni na ɗauke ta zuwa mota, tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Abu Nayif ya yi ta faɗa, ba da kowa ba, da dutsen da sanyin da kansa. A lokacin babban ɗansa Nayif ya zo hutu daga ƙasar Turawa inda yake karatu, ƙasar da ƙanƙara ke rufe ta rabin shekara. Shi ya kira ni gefe ya ce a can gishiri suke watsawa, irin mai tsakuwa, gishirin dutse, yana narkar da ƙanƙarar.

"Ba da yawa ba, ya Saleh," in ji shi, yana nuna mini da tafin hannunsa. "Cikin hannu ɗaya, taku biyu. Cikin hannu ɗaya, taku biyu. Fahimta?"

Na ce na fahimta. Na sauko Ka'akiyya da wanet, wato a-kori-kurar gidan, na sayo buhu ashirin a wajen masu sayar wa masu gyaran fata, don ya ishe mu har ƙarshen sanyi. Nayif ya koma makarantarsa bayan kwana biyu.

Ina sauke buhunan a gefen filin sai ga Baba Idi ya hawo daga lambu da almakashin datse rassa a hannu, don lokacin askin wardi ne. Ya zura hannu a buhu ɗaya, ya ɗebo, ya duba, ya ɗora ƙwaya ɗaya a harshe.

"Sale, mi za a yi da wannan?"

Na gaya masa.

"Ina yaro na bi ayari zuwa Balma," in ji shi. "Na ga inda ake haƙo shi. Ko ciyawa ɗaya babu a bakin ramin. Raƙumi na son shi, mutum na son shi, ƙasa ba ta son shi. In ya shiga ƙasa ba ya hita."

"Kaɗan za a riƙa zubawa, Baba."

"Kaɗan ko da yawa, ka toshe mini kwata kahin ka zuba. Ka juya ruwan ya tahi titi. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari. A ranar na yanko katako daidai bakin kwatar, na tare shi da buhun yashi biyu, ruwa ya koma bin gangara zuwa titi. Sau huɗu ko biyar na watsa gishirin yadda Nayif ya nuna, kuma gaskiya abin ya yi aiki. Kana watsawa sai ka ji ƙanƙarar tana ƙara ƙas-ƙas, kafin rabin awa ta zama ruwa. Wata ranar Alhamis rana ta fito, na wanke filin tas da tiyo har sai da na tabbatar babu sauran gishiri, sannan na cire katakon, don Baba Idi ya ce tafkinsa ya yi ƙasa, in an yi ruwa yana so ya samu. Na jingina katakon da bango.

Washegari Juma'a. Baba Idi ya sauka Harami tun da safe. An yi ƙanƙara da yammacin Alhamis, gangara ta daskare, kuma Abu Nayif ya aiko cewa zai zo da baƙi bayan salla, kada ya tarar da santsi. Na ɗauko bokiti ke nan zan fara sai wayata ta yi ƙara. Mahaifiyarku ce, kuma ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Malam, Maryam ce ba lafiya. Naƙuda ta zo da jini. Mijinta yana Jidda, mun tafi asibiti da maƙwabta. Ka taho yanzu."

Maryam, ban rubuta wannan don in ɗora miki komai ba. Ke kina can tsakanin rai da mutuwa, ba ki san ma akwai wani gishiri a duniya ba. Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta yamma, kuma na san in aka fara ruwa ko hazo ya sauko ana rufe hanyar Hada, sai mutum ya zagaya ta wata hanyar mai nisa. Watsa gishiri cikin hannu ɗaya taku biyu yana cin awa guda. Ba ni da awa guda. Na ɗauko wuƙa na farke buhu shida, na ja su a kan gangara da filin, na baza da shebur kamar mai baza tsakuwa. Sauran buhunan suna jibge a gefe, dab da bakin kwata, ledar da nake rufe su da ita iska ta yaye ta. Na shiga mota na tayar. Ina juya kan motar idona ya faɗa kan katakon nan a jingine da bango. Na gan shi. Ba zan ce muku na manta ba, don ban manta ba. Aikin minti biyar ne in sauka in mayar da shi in ja buhunan yashi. Na ce a raina ruwan ba zai yi yawa ba, gobe na dawo na gyara. Na taka mota.

Allah ya sauke ki lafiya wajen la'asar, bayan an ƙara miki jini, aka samu Aisha. Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin asibiti da gida. A kwana ukun nan an yi ruwa a Hada irin wanda ke gangaro da duwatsu, hanya a rufe, ni da Baba Idi duk muna ƙasa. A gidanmu ya kwana, shi ya tauna dabino ya sa wa jaririyar a baki. Baƙin Abu Nayif ma ba su samu hawa ba.

Ranar Litinin muka hau tare. Tun daga ƙofa na ga abin da na gani. Kwaltar ta bushe da wani farin shafi kamar an watsa gari. Buhunan da na bari sun lotsa, sun zama fanko, sai ɗan dunƙule a gindinsu. Farin layi ya bi kwata tiryan-tiryan har tafki. Tafkin ya cika ya malala, fangalan hawa huɗu duk sun sha sun ƙoshi. Baba Idi ya sauka daga mota bai rufe ƙofar ba. Ya tsaya a bakin kwata, ya kalli katakon a jikin bango, ya kalle ni. Sannan ya gangara lambu, ni ina biye da shi kamar wanda aka ɗaure da igiya. Ya durƙusa a gindin wata itaciya, ya ɗebi ƙasa ya sa a harshe, ya tofar. Ya je hawa na biyu ya yi haka. Har na huɗu.

"Baba, waya aka yi mini..." na fara.

"Na sani. A gidanku na kwana."

"Za a iya wanke ta? In muka kwarara mata ruwa mai daɗi?"

"Mu gwada," in ji shi.

Mun gwada. Muka kwashe tafkin da injin, muka wanke shi, muka yi ta kiran tankar ruwa muna kwarara wa fangalai. Amma ƙasar wurin ba ta da zurfi, dutse ne a ƙarƙashinta, ruwan ba shi da inda zai tafi da gishirin. Makonni muna wannan, mu biyu, ba mai yi wa wani maganar abin. Mukan ci abinci a kwano ɗaya kamar kullum. Da lokacin toho ya yi, itatuwan suka fitar da 'yan ganye ƙanana, bakinsu a ƙone kamar an kara musu wuta, suka bushe suka zube. Lambunan maƙwabta suka yi ja da fure, mata da maza suna tsinka da safe, namu kuwa ƙirare ne tsaye. Sai 'yan itatuwa a can ƙarshen hawa na huɗu suka yi fure, shi ma ba ƙamshi.

Abu Nayif ya zo da wani injiniyan noma. Mutumin ya ɗebi ƙasa a 'yan kwalabe ya tafi, ya dawo bayan mako ya ce gishiri ne ya yi mata yawa, kuma abin da ya saba jawo haka shi ne a cika takin zamani ko a yi ban ruwa da ruwa mai zartsi. Taki da ruwa duk a hannun Baba Idi suke. Aka kira mu filin motoci da rana tsaka, muna tsaye a kan kwaltar. Lambun nan mahaifin Abu Nayif ne ya fara dasa shi, don haka ba maganar fure kawai ba ce a wajensa. Fuskarsa ta yi ja. Ya yi ta yi wa Baba Idi faɗa da Larabci, yana cewa ka tsufa, idonka ba ya gani, ka kashe mini abin da ubana ya bari. Baba Idi yana tsaye da hannuwa a baya. Can sai Abu Nayif ya tsaya kamar wanda ya tuna wani abu, ya juyo gare ni.

"Ya Saleh. Gishirin nan na Nayif. Bai shiga lambu ba?"

A lokacin ana tsakiyar kamen marasa takarda. Kullum sai ka ji an cika mota da mutane an yi Jidda da su. Maƙwabcinmu na Ka'akiyya, wanda kafilinsa ya yi fushi da shi ya soke masa iƙama, an tafi da shi da matarsa da 'ya'ya biyar da ba su taɓa ganin Najeriya ba. Ku ma a nan aka haife ku. Idrisu kana shekarar ƙarshe a makaranta, Auta Hausarki ma a lokacin rabi Larabci ce. Duk wannan ya zo mini a lokaci guda. Ban faɗe shi don ya wanke ni ba, na faɗa ne don ku san abin da ke cikin kaina. Na ji Baba Idi ya juyo yana kallona. Ban kalle shi ba.

"A'a, ya Ammi," na ce, yadda muke kiran sa don girmamawa. "Kaɗan nake zubawa. Kuma kwatar a toshe take."

Na jira Baba Idi ya yi magana. Wallahi na jira, har wani ɓangare na zuciyata yana so ya yi. Kalma ɗaya ta ishe shi, ga katakon, ga fankon buhuna a bayan ɗakin ajiya. Bai ce komai ba. Abu Nayif ya ce halas, wato shi ke nan, ya shiga mota. Bayan kwana goma aka buga wa Baba Idi fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa.

Ranar da na gaya wa mahaifiyarku, tana tankaɗe a tsakar ɗaki. Na faɗa mata duka, har katakon. Ta ajiye rariyar.

"Malam, ka koma ka faɗa masa gaskiya."

"In ya kore mu fa? Ina za mu? Gidan wa za mu sauka a Kano bayan shekara talatin?"

"Allah yana can ma."

"Ke ba ki san Abu Nayif ba."

"Na san Baba Idi," in ji ta. "Shi ya kawo ka gidan. Da bakinsa ya ce ba ka ƙarya."

Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba. Na ce in tana son ta ga 'ya'yanta a bayan motar 'yan sanda, ta je ta faɗa da kanta. Ba ta je ba. Ita ma uwa ce, ita ma ta ji tsoro, kuma na san ta tafi kabari tana jin nauyin wannan shirun da na sa ta yi. Amma daga ranar ta daina yi mini wata dariya da takan yi idan na dawo daga dutse. Ta ci gaba da yi mini komai, abinci, wanki, gaisuwa, ban da wannan.

Kwanakinsa na ƙarshe a Harami ya yi su. Yakan tafi tun safe ya zauna inda yake ganin Ka'aba har la'asar. Ranar tafiya ni na kai shi Jidda. Kayansa jaka ɗaya ce da jarkar zamzam. Kun fito kun yi masa sallama, ya dafa kan kowa, ya ɗauki Aisha ya yi mata addu'a. Mahaifiyarku ta durƙusa har ƙasa tana kuka, ku kuna tsammanin kukan rabuwa ne kawai. A hanya ba mu yi magana ba sai da muka wuce iyakar Harami, inda alamar take. Ya ce in tsaya. Ya sauka, ya juya ya fuskanci Makka, ya daɗe a tsaye cikin rana, motoci suna wucewa. Da ya dawo ya zauna, na kifa kaina a kan sitiyari.

"Baba, ka yafe mini."

Ya ci gaba da kallon hanya.

"Baba, don Allah. Yara ne. Tsoro na ji."

"Don yaran na yi shiru," in ji shi. "Ba don kai ba. Gishiri kuskure ne, Sale, kowa na yi. Da ka ce kai ne, da ni zan tsaya gabanka in roƙe shi. Amma ka tsaya kusa da ni ka ce kwata a toshe take."

"Ka yafe mini."

"Ban ce na yahe ba, ban ce ban yahe ba. Zuciyata ba ta kai wurin ba tukuna, kuma ba ni yi maka ƙarya. Tada mota, kar jirgi ya tahi."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na kira lambar 'yarsa sau da yawa, takan ce yana masallaci, ko yana barci. Na aika masa da saƙo ta hannun alhazai, ban san ko ya karɓa ba. Bai cika shekara biyu a can ba. Wata safiya 'yar ta turo saƙon murya, ta ce Baba ya rasu jiya bayan zazzaɓin kwana huɗu, an binne shi a garinsu. Ta ce har ya mutu in ya ji kiran salla a rediyo daga Makka sai ya sa a ƙara murya. Ta yi mini godiya a kan zaman da muka yi da shi. Bai gaya mata komai ba.

Bayan sadakar bakwai na hau Hada na sami Abu Nayif yana shan gahawa a barandar gidan. A lokacin ban damu da abin da zai yi mini ba, ko kuma in ce na makara da damuwa. Na tsaya a gabansa na faɗa masa duka, tun daga wayar har katakon har ƙaryar. Ya saurare ni yana juya ɗan kofinsa.

"Na sani," in ji shi.

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Nayif da ya zo hutun zafi ya tambayi ina sauran gishirin, ya leƙa ɗakin ajiya bai ga ko buhu ɗaya ba. Ya bi kwatar da ƙafa. Tun waccan shekarar na sani."

"To, ya Ammi, me ya sa ba ka dawo da shi ba?"

"Ya haura shekarun da ake ba mutum biza. Na tambaya." Ya kurɓi gahawa. "Kuma na jira ka zo da kanka. Ka daɗe."

"Da na faɗa a ranar, me za ka yi mini?"

Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta.

"Da na zage ka. Ɗana ne ya ce a zuba, don uwata. 'Yarka tana asibiti. Wa zai kori mutum a kan wannan?" Ya ajiye kofin. "Allah ya jiƙan Idris. Ni ma na yi gaggawa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na juya zan tafi sai ya kira ni, muryarsa ta koma ta kullum, ta aiki. Ya ce an sake dasa wardi sau biyu a hawa na sama bai kama ba, ƙasar ta mutu, kuma motocin baƙi suna yi wa filin yawa ranar Juma'a. Tunda ni na san aikin, in nemo ma'aikata a tumɓuke kututturan, a cike, a daidaita, a zuba kwalta.

Na so in ce a'a. Na buɗe baki, sai na ji na ce to.

Kwana tara muka yi. Ni na tumɓuke kututturan da hannuna, ban bar ma'aikatan sun taɓa su ba. Saiwoyinsu sun yi baƙi, suna karyewa kamar gawayi. A gindin ɗaya na tono wani guntun tiyo da Baba Idi ya ɗaure da tsumman rawaninsa inda ya huje. Na sa shi a aljihu, na ci gaba da aiki. Muka zuba tsakuwa, muka bi da injin daddanna ƙasa, motar kwalta ta zo da zafinta da warinta, na baza ta da kaina yadda na iya tun ina saurayi. Ta yi kyau, ba tudu ba kwari. Na ja fararen layuka. Mota goma sha biyu wurin yake ɗauka, kuma na ƙara shekara huɗu a gidan ina share shi kowace safiya.